Su Waye a Hoton Nan?



Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san yadda abin yake tafiya. A kira malami, a fito da kayan mamaci tsakar gida. Gida da gona a yi musu ƙima, riguna da huluna a kasa su kashi-kashi, har buta da darduma sai an san hannun da za su faɗa. To can ƙasan adaka, ƙarƙashin tsofaffin rasiɗan haraji, sai a ci karo da wata ambulan da ta yi jawur don tsufa, cike da hotuna. A nan ne kaɗai ba a jayayya. Malami ba ya sa su a lissafi, magada ba sa ɗaga murya a kansu. A miƙa wa wannan ya duba ya yi murmushi, ya miƙa wa na kusa da shi, yara su wawashe sauran. Kafin shekara ta zagayo, rabi gara ta ci, rabi sun bi shara.

Ni kuwa a ganina, cikin kayan da aka baje ɗin nan, babu wanda ba a samun irinsa a kasuwa sai na cikin ambulan ɗin. Sai dai ba takardar kaɗai na zo yi wa kuka ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan sha'anin gani ba ya tsinana komai sai da ji. Hoto ba ya faɗin sunan mai shi. Kana iya riƙe hoton mutum biyar, biyu a zaune uku a tsaye, ka tabbata jininka ne, ga hancin gidanku nan ɓaro-ɓaro, amma ba ka san wa ba, ba ka san ƙane ba, ba ka ma san wanda ya haifi mahaifinka a cikinsu ba. Wadda ta sani tana can ɗakinta na ƙuryar gida tana jan carbi, idonta ya fara hazo, kuma babu wanda ya taɓa kai mata hoton ya tambaye ta. Takarda tana cikin adaka, bayaninta yana cikin kan tsohuwa. Maganata ta yau ita ce a haɗa su tun dukansu biyun suna nan.

Mu ɗauki hoto guda mu dube shi da kyau, irin waɗanda aka riƙa ɗauka a Sabon Garin Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, wajen shekarun 1960 zuwa 1970. Baƙi da fari ne, gefensa an yi masa yankan ado. Saurayi ne a tsaye, ya dafa wani dogon teburi mai furen roba. Ya tattare hannun riga ya aza a kafaɗa don agogo ya fito. Ga rediyo a gabansa an zare eriyarta har ƙarshe, a bayansa kuma labule ne da aka zana wa jirgin sama da benaye. Kada agogon da rediyon su ruɗe ka, sau da yawa na mai hoto ne, kowa ya zo ya ɗaura ya cire. Amma ko aron ma labari ne, domin ya nuna maka abin da saurayin wancan zamani yake kwana yana mafarki.

Duba hular, dara ce ko ƙube ko zanna? Duba aikin rigar, aska biyu ce ko aska takwas, na hannu ne ko na keke? In mace ce, ga ɗaurin ɗankwali, ga murjani a wuya, ga atamfar da tsofaffin mata za su faɗa maka sunanta da lokacin da ta yi tashe. Sannan juya bayan hoton. In an yi sa'a akwai hatimin mai hoto da sunan gari. Wannan ɗan hatimin ya sha tona abin da gida bai sani ba. Ashe Malam ya yi zaman Jos lokacin haƙar kuza. Ashe shekarun nan da ake cewa ya tafi gabas karatu, har Fallomi ya kai, wato Injamena ta yau.

To matso da hoton kusa da idonka ka dubi kumatu. A nan ne tsohon hoto yake riƙe da abin da nan gaba kaɗan ba za a same shi a fuskar kowa ba. Kakanninmu a fuska suke ɗauke da shaidar asalinsu. Wanzami ya zo da askarsa ya yi wa jariri zanen gidansu. Na Bagobiri sun taso daga gefen baki sun bazu wajen kunne, ba sa ɓoyuwa ko a filin Idi. Babarbare da dogayen nasa. Bakabe da Bazamfare da Bakatsine kowa da irin nasa, ga kuma bille da 'yar baka da kalangu, wasu na gado, wasu na ado, wasu na magani. Yau an bari, kuma ban ce a dawo da shi ba. Dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana, tun kafin dokar ma iyaye sun fara janye 'ya'yansu da kansu. Amma lura da abin da ya biyo baya. Jika ya tashi fuska sumul a Kaduna ko Legas, in aka tambaye shi ya ce shi Bahaushe ne, iyakar saninsa ke nan. Ranar da ya ga hoton kakansa da zane shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, ranar zai gane abin da ya sa tsohon Bayaraben nan mai shago yake tare babansa kullum yana kiransa bawansa, su biyun suna ƙyaƙyata dariya. Wasan Gobirawa da Yarabawa, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa, duk a kan sanin asali yake tsaye. A Nijar har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2014. Wanda bai san ko shi waye ba, da wa zai yi wasan?

Me ya sa sunaye suke saurin ɓace mana haka? Ba sakaci kaɗai ba ne, tsarinmu na suna ma da nasa hannun. Galibinmu ba mu da sunan gida guda da ake gada daga kaka zuwa tattaɓa-kunne. Kowa sunan mahaifinsa yake jinginawa a nasa. Musa ɗan Isa ya haifi Sani, yaro ya zama Sani Musa, Isa ya fita daga takarda. Sani ya haifi nasa, Musa ma ya fita. Da boko ya zo sai ya ƙara wani salon, aka riƙa rubuta yara da sunan garinsu. Malam Aminu Kano sunan mahaifinsa Yusufu, Alhaji Shehu Shagari sunan mahaifinsa Aliyu, amma da garuruwansu duniya ta san su. Su manya ne, an rubuta tarihinsu. Sauran dubban da aka rubuta haka a rajistar elemantare fa? Jikokin wasunsu yau suna ɗauke da sunan garin da ba su taɓa takawa ba, in sun je ma ba su san ƙofar da za su yi sallama ba.

Ga kuma kunya, wadda ado ce a wurinmu amma tana cin sunaye. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan farinta, ba ta faɗin na surukanta. In aka mayar wa yaro sunan kakansa sai a sakaya, ya zama Abba ko Baffa ko Babangida, yarinya ta zama Ummi ko Inna. Sai ka tarar da mutum ya tashi gida ɗaya da kakarsa, ya ci tuwon hannunta, ya raka ta makwancinta, amma da za a ce ya faɗi sunanta na yanka sai ya tsaya sosa ƙeya. Sai kuma riƙo. Goggo ba ta haihu ba a ba ta ɗan ƙaninta, kawu ya ɗauki ɗan 'yar'uwarsa ya sa shi makaranta da sunansa. Zumunci ne mai kyau, amma ana ɗan jimawa sai a manta na ciki da na goyo. Dubi Alhassan, attajirin nan da aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955. Mahaifinsa Abdullahi ne, daga Agalawa fataken goro. Bayan rasuwar uban, mahaifiyar ta koma Akra ta ƙasar Gana, wata tsohuwa da ake kira Tata ta riƙe shi. Sunan mai riƙon ne zuri'ar Ɗantata suke amsawa har yau. Su sun san labarin, shi ya sa bai ruɗa kowa ba. A gidan da ba a sani ba, irin wannan ne yake kai 'yan'uwa gaban alƙali.

Sarakuna ba su da wannan damuwar. Tarihin Kano ya jero su tun daga Bagauda, Daura tana da girgam, kowace fada tana da sankira da maroƙa masu jero iyaye da kakanni ranar hawa. Hotunansu ma an adana, je ka Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna ka gani. Talaka kuwa in Bature ya ɗauke shi hoto, abin da ake rubutawa a ƙasa bai wuce wani Bahaushe ɗan kasuwa, ko marina a bakin karofi, ko 'yan dako a gindin dalar gyaɗa. Irin waɗannan suna nan jibge a ɗakunan ajiya na Turai, kowane ɗaya kakan wani ne, ba wanda ya tambaye shi sunansa. To wancan baƙo ne, ba ruwansa. Mu da muke barin hoton kakanmu babu suna, mene ne uzurinmu?

Sankirar talaka ita ce kakarsa. Mata ne suke riƙe da lissafin dangi, domin su ne 'yan biki da suna da gaisuwar mutuwa, su suka san wanda ya auri wance, wanda ya sake ta, da wanda ya sha nonon wa. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba mutuniyar Karo, tana rubuta abin da take faɗa. Baba ba ta yi boko ba, ba ta ma taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta yi. Amma abin da ke kanta na kakanninta Barebari, da aure-auren danginta, da hare-haren kamun bayi, da zuwan Turawa, sai da ya cika littafi guda, aka buga a 1954. Ita kuwa ta rasu tun 1951. Da Baturiyar ta makara da shekara biyu, da shi ke nan. Kusan kowane babban gida yana da irin Baba, mai tambayar ne babu.

Sai dai tsohuwa ba a yi mata tambayar 'yan jarida. In ka zauna gabanta da biro da takarda ka ce, "Kaka, ba ni tarihin gidan nan," sai ta ce, "Wane tarihi gare mu, ɗan nan? Mu dai mun taso mun tarar ana noma." Magana ta mutu. Miƙa mata hoto kawai ka yi shiru. Za ta goge shi da bakin zanenta, ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta juya wajen haske. Can sai ka ji, "La'ilaha illallahu! Kai maigidan, ina ka tono wannan? Na tsakiyar nan ai wan kakanka ne, wanda aka kai yaƙin Bama, ya dawo ba ya son jin an buga ƙofa da ƙarfi. Wannan mai goyon ita aka kai Kumasi, tun korar baƙi da aka yi a Gana ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Na gefen nan kuwa…" Sai ta ɗan kau da kai. "Mai gidan nan ne." Ba za ta faɗi sunan ba ko da ya shekara talatin a ƙasa, sai dai ka je ka tambayi goggonka. Daga nan kuma kai ne za ka gaji da ji.

Kada ka tambaye ta shekara, ba da lamba take lissafi ba. Tambaye ta abin da ya faru a lokacin. In ta ce shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, 1956 ke nan. In ta ce da damina ɗaya bayan kashe Sardauna, ka kama daga 1966. Canjin hannu 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. A Nijar in ta ce shekarar da soja suka sauke Diori ana tsakiyar fari, 1974 take nufi. Ka nemi izininta ka kunna waya ta naɗi muryar, domin hannunka ba zai iya bin bakinta ba.

Wani zai ce duk wannan hirar wanda ya ƙoshi ce. To ya je kotun shari'ar Musulunci ya wuni yana sauraron shari'ar gado. Gonar da ba a raba ba tun mutuwar kaka, magada sun mutu sun bar magada, su ma sun mutu sun bar nasu, alƙali yana neman wanda zai tsaya ya ce wane ya haifi wane, wa ya riga wa rasuwa. Rabon ba ya yiwuwa sai da wannan jerin. Haka aure. Shayarwa tana haramta aure, kuma ba a rubuta ta a ko'ina, tana cikin kan matan da suka ga an yi. Haka lafiya. In tsohuwa ta nuna hoto ta ce ɗakin wance yara huɗu ciwon ƙashi ya ɗauke tun suna ƙanana, masu shirin auren zumunci sun ji dalilin da zai sa su je gwajin sikila.

Sannan mu mutanen tafiya ne. Fataucin goro ya kai kakanninmu Salaga da Kumasi da Akra suka kafa zango. Hajji ta ƙasa ta zube dubbai a hanyar Chadi da Sudan, wasu suka tsaya noman auduga a Jazira don tara guzuri har suka zama 'yan can. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, kuma garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu har yau sunansa yake amsawa. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙin da ba su da takardar zama, gidaje suka rabu biyu, wa ya dawo ƙane ya zauna. Ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda ya tarwatsa miliyoyin mutane. In jikan ɗaya daga waɗannan ya sauka Kano ya ce kakansa mutumin Kano ne, sai dai a yi masa addu'a. In kuwa ya ce kakansa wane ne ɗan wane na Koki ko Madabo ko Zangon Barebari, ga hoton da aka taɓa aikowa cikin wasiƙa, mai unguwa da dattawan masallaci sun sami inda za su kama.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Da yawanmu ba asali muke nema ba, ado muke nema. Kowa ka taɓa kakansa daga Makka ya zo, ko Sharifi ne, ko shi ya riƙe wa mai tuta linzami. Sai ka rasa su waye suka yi noman da aka ci, su waye suka yi jima da ƙira da saƙa da dako. An yi bauta a ƙasar nan, ba kaɗan ba. A 1901 ne Turawa suka shelanta cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, kuma ba a soke bautar gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Wato akwai masu rai yau da kakanninsu suka tashi a rinji. Wanda ya bi salsalarsa ya iske haka bai iske abin kunya ba, kunyar tana kan wanda ya kama ɗan mutane ya sayar. Gidan da ke tinƙaho da sarauta ma, in ya bi ta ɗakin uwa, ba wuya ya tsaya a kan wata ƙwarƙwara da aka ɗauko daga ƙauyen da ba a riƙe ko sunansa ba. Sanin da yake sa mutum ya hana 'yarsa ɗan mahauci ko ɗan wanzami, alhali yaron yana da addini da sana'a, rabin sani ne. Mai neman hujja ya koma Suratul Hujurat ya ga abin da aka ɗora fifiko a kansa.

Wannan son adon ne ya sa ake yawo da hotunan ƙarya. Ana turo wani dattijo mai rawani a waya a ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Sarkin Musulmi Bello a 1837, sana'ar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa. Wa ya ɗauke su? Yanzu kuma ga manhajojin da ke wanke tsohon hoto su sa masa launi. Su kan gyara hanci, su haska fata, su shafe zanen fuska don sun ɗauka tabo ne. In za ka yi don nishaɗi ka yi, amma ka ajiye na asalin yadda yake da dishi-dishinsa.

Na san akwai masu sauraro da ke cewa ai hoto kansa malamai sun yi magana a kai. Haka ne, sun yi, kuma sun saɓa, fatawa tasu ce. Akwai gidajen da ake tattara hotunan mamaci a cinna musu wuta. Abin da zan roƙa ɗaya ne. Wanda ya bi fahimtar da ta hana, kafin ya ƙyasta ashana ya tuna ba shi kaɗai ne jikan ba, ya miƙa wa ɗan'uwansa mai wata fahimtar. In ma ba zai yi haka ba, to ya kai wa tsohuwa ta gani tukuna, ya rubuta sunayen da ta faɗa. Sanin nasaba da sada zumunci dai babu malamin da ya hana.

Ajiyar kanta ba ta da wuya. A rubuta a baya da fensir, ba da biro ba, domin tawada tana ratsa takarda. A sa sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba da na uwa, da gari. Kada a manna da salatif, kada a kai a liƙe shi cikin leda da injin zafi, in ya kama ba ya ɓaruwa sai da fuskar. A nisanta shi da rana da danshin bango, musamman masu launi na shekarun 1980, waɗanda suka fi baƙi da fari saurin koɗewa. Sannan a ɗauke shi da waya, gaba da baya, a raba wa dangi a garuruwa daban-daban. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta nuna abin da ruwa ke yi wa takarda cikin dare ɗaya, kuma mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa, babu wanda ya tsaya ɗaukar adaka. Wayar ma ba abin dogara ba ce ita kaɗai, a ƙwace ta, ko ta faɗa ruwa, hoto dubu ya tafi. Waɗanda suka fi muhimmanci a wanke su a takarda.

Akwai kuma wata ajiyar da ba ta gidan kowa ba ce, ta masu hoton kansu. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban fina-finan da ya ɗauki mutanen gari da su. Daga shekarun 1990 hotunan suka zaga manyan ɗakunan nuni na duniya, amma akasarinsu babu sunan masu su, domin ba a rubuta ba. A Yamai ma akwai aikin Philippe Koudjina na shekarun 1960 da 1970. To Sabon Garin Kano da Tudun Wadar Zariya da Gusau da Damagaram duk sun yi masu hoto da suka shekara da shekaru suna ɗaukar angwaye da alhazai da 'yan makaranta. Da wayar hannu ta kashe kasuwar, shagunan suka koma na caji da sayar da kati. Ina kwalayen fina-finan suke? Wasu suna hannun 'ya'yansu a ɗakin shirgi, kuma fim ɗaya yana iya fitar da hoton da gidan masu shi suka rasa tuntuni. Wannan aikin hukumomin tarihi ne, irin ta Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Su bi magadan masu hoton nan su sayi kwalayen, su wanke, su kafe su a unguwannin da aka ɗauke su, su ajiye ma'aikaci da littafi a gefe yana rubuta sunan duk wanda tsofaffin unguwa suka shaida.